Gwanin da Ya San Inda Ƙarfe Ke Gajiya

Tsohuwar motar ɗaukar kaya tana nuna ciwonta ga wanda ya san inda zai duba. Ka tsaya a gefenta ka kalli ratar da ke tsakanin gidan direba da bodin baya. A lafiyayyar mota faɗin ratar nan ɗaya ne daga sama har ƙasa. In ka ga ta wage a sama ta matse a ƙasa, ko kuma bodin ya sunkuyo har yana kankare fentin bayan gidan direba, to a bar zargin inji da taya, shasi ne ya fara sallamawa. Direba zai ce maka motar tana ja gefe guda, ko ƙofa ta daina rufuwa sai an buga ta da ƙarfi, ko yana jin wani ƙas-ƙas a ƙarƙashinsa duk sanda ya faɗa rami. In aka leƙa ƙasa da tocila, sai a ga wani siririn layi mai jan ƙura yana sauka a jikin ƙarfen. Tsatsa ce ke fitowa daga cikin tsaga, saboda bakunan ƙarfen biyu sun daɗe suna gugar juna.

A nan ake bambance mai walda da mai walda. Wanda ya saba haɗa ƙofofi da tagogi da gadajen ƙarfe zai iya shiga ƙarƙashin motar, ya bi tsagar da wuta cikin rabin sa'a, ya karɓi kuɗinsa, aikin kuma ya yi kyau a ido. Kafin a ci kasuwa huɗu ko biyar tsagar ta dawo, ko a kan ɗinkin, ko a gefensa kaɗan. Akwai kuma wani irin mai walda. Ba su da yawa, amma kowane babban gari yana da nasa, ko a Panteka ta Kaduna, ko a zagayen Ƙofar Ruwa a Kano, ko a garejin Agadas, kuma direbobi kan yi tafiyar yini guda su kai masa mota. Shi in aka kawo masa shasi mai tsaga, yana iya cinye wuni cur bai kunna injin walda ba. Wannan jinkiri nasa shi ya fi burge ni a duk sana'ar, domin a cikinsa ilimin yake.

Motocin da ake maganarsu sanannu ne. Akwai akori-kura ta Fijo, wadda ta cika ƙasar nan bayan kamfanin PAN ya fara harhaɗa motoci a Kakuri ta Kaduna a 1975. Akwai Hilux, wadda Toyota ta fara ƙerawa a 1968, da Land Cruiser mai buɗaɗɗen baya. Su ke kwaso hatsi daga ƙauyuka zuwa Dawanau, su ke kai awaki da tumaki Maigatari, su ke ratsa yashi daga Agadas zuwa Dirku. Abin da masu ƙera su suka yarje musu su ɗauka bai wuce tan ɗaya da 'yar ɗoriya ba, wato kamar buhu goma na masara. Kowa ya san ba a nan lodi ke tsayawa ba, don tsadar mai da ta kayan gyara ba ta barin direba ya tashi da buhu goma. Motar da ta yi shekara 25 ko 30 tana wannan bauta a hanya mai gargada, in shasinta ya tsage ba ta yi abin kunya ba.

Shasin Hilux da ire-irenta dogayen ƙarafa biyu ne da suka miƙe daga gaba zuwa baya, an haɗa su da gajerun ƙarafa a gicciye, shi ya sa injiniyoyi ke ce masa mai siffar tsani. Inji da giya da sifirin da bodi duk a jikinsa suke rataye. In ka yanka ɗaya daga cikin dogayen ƙarafan nan ka dubi bakinsa, za ka ga ɗaya daga cikin siffa biyu: ko dai harafin C, wato bango a tsaye da leɓe a sama da leɓe a ƙasa, ko kuma akwati rufaffe ta kowane gefe. Kaurin ƙarfen kansa bai taka kara ya karya ba, milimita uku zuwa huɗu ne a yawancinsu. Siffar ce ke ba shi ƙarfi. Idan nauyi ya hau dogon ƙarfe ya ɗan lanƙwasa shi, leɓe ɗaya miƙewa yake yi, ɗayan yana matsewa, tsakiyar bangon kuwa kusan hutawa take yi. Shi ya sa in ka lura, yawancin hujin da kamfani ya yi a jikin shasi a bangon suke, kuma a manyan motoci har gargaɗi ake mannawa cewa kada a huda leɓe, kada a yi masa walda.

Gwani da wannan ilimin yake karanta tsaga. Ƙarfe daga inda ake jan sa yake fara tsagewa. In tsagar daga leɓen sama ta taso, a bayan gidan direba ko kusa da aksul na baya, to an riƙa lodi ne a can ƙarshen bodi, an saki ƙofar baya an ƙara katako, nauyin ya zarce tayoyin baya yana danna wutsiyar motar ƙasa yana ɗaga tsakiyarta. In daga leɓen ƙasa ta fara, nauyin a tsakiya ya taru, motar ta lotsa. In a kewayen inda sifirin ke maƙale take, sai ya ƙirga ganyen sifirin, kuma sau da yawa zai tarar an ƙara biyu ko uku don motar ta daina zama ƙasa in an yi lodi. Sifirin da ya yi tauri fiye da kima ya daina shanye bugun rami, shasi yake miƙa wa. In a gaba ne wajen akwatin sitiyari, ko kusoshi sun saki, ko an sa tayoyin da suka fi ƙarfin motar. Wani lokaci kuma tushen tsagar wani huji ne da aka yi don ɗaura tankin ruwa, ko tsohuwar waldar da aka maƙala ƙarafan rumfa da ita. Duk wannan bincike yana yin sa ne da ido da yatsa da 'yan tambayoyi ga direba: me kake ɗauka, wace hanya kake bi, yaushe ka fara jin ƙarar.

Tsagar shasi ba a rana ɗaya take faruwa ba, ko da direba ya rantse cewa ramin jiya ne ya jawo. Duk wanda ya taɓa karya waya ta hanyar lanƙwasa ta gaba da baya ya san abin. Wani injiniyan jirgin ƙasa Bajamushe, August Wöhler, ya shafe shekarun 1850 da 1860 yana gwada sandunan ƙarfen da ke riƙe ƙafafun jirgi, ya nuna cewa ƙarfe yana karyewa da nauyin da ya yi ƙasa ƙwarai da wanda zai karya shi farat ɗaya, muddin an maimaita ɗorawa da saukewa sau da yawa. Gajiyar ƙarfe ke nan. Kowane tudu da kowane kwari na hanya lanƙwasa ɗaya ce, kuma a shekara talatin an yi miliyoyi. In aka buɗe tsohuwar tsaga za a ga tarihinta a rubuce: ɓangaren da ya daɗe ya yi sumul ya yi tsatsa, ɓangaren da ya kece kwanan nan kuwa yana ƙyalli da kaushi.

Abin da ke tura tsaga gaba shi ne tsinin bakinta. Mai sayar da yadi a Kantin Kwari ba ya bin yadi da almakashi har ƙarshe. Ɗan tsaga bakin yake yi, ya ja da hannu biyu, yadin ya kece har ƙasa, alhali da bai tsaga ba, ko ƙato ba zai iya yaga shi ba. Duk ƙarfin jan a kan zare ɗaya yake taruwa, wanda ke bakin tsagar. Haka abin yake a ƙarfe, kuma an yi lissafinsa: a gefen huji mai zagaye matsin yana ninkawa sau uku, kuma wani malamin Jami'ar Cambridge, Charles Inglis, ya nuna a 1913 cewa gwargwadon tsinin bakin tsaga, gwargwadon yadda ninkin ke hauhawa. Saboda haka dabarar farko ta gwani, wadda kan ba baƙo mamaki, ita ce ya ƙara huda ƙarfen da ya riga ya tsage. Yana sa injin huda daidai ƙarshen tsagar, ko gaba da ita da ɗan kaɗan, ya yi huji na milimita biyar ko shida wanda zai haɗiye tsinin. Ninki uku ya fi ninki ɗari sauƙi. Daga baya zai cike hujin da walda.

Wahalar ita ce gano ainihin inda tsagar ta ƙare, domin abin da ido ke gani ba shi ne iyakarta ba. Takan ci gaba a ƙarƙashin fenti, siririya fiye da gashi. In ya huda bai kai ƙarshen ba, ya bar tsinin a raye a bayan hujin, aikin banza ya yi. A manyan masana'antu akwai jan ruwa na musamman da ake fesawa, a goge, a bi shi da farar hoda. Gwanin gareji yana da tsohuwar hanyar da ma'aikatan jirgin ƙasa suka yi amfani da ita tun da daɗewa. Zai kankare wurin har ƙarfe ya yi fes, ya shafa kananzir ya bar shi ya tsuma, ya goge saman ƙarƙaf, sa'an nan ya shafa alli. In ya ɗan ƙwanƙwasa da guduma, kananzir ɗin da ya shige cikin tsagar sai ya tsattsafo ya zana layi a jikin allin, har da rassan da ba wanda ya san da su. Daga nan sai ya duba ɗaya ƙarfen na ɗaya gefen a daidai wannan wuri, domin nauyin da ya gajiyar da na hagu bai bar na dama ba.

Kafin wuta ta tashi akwai abubuwan da ba ya sassautawa a kansu. A cire kan batir. A sauke tankin mai in yana kusa, kuma kada wani ya ce ai babu mai a ciki, don tankin da ba komai sai tururin fetur ya fi cikakke haɗari. A janye bututun birki da na mai da wayoyin wuta, waɗanda galibi a cikin kwarin shasin suke bi. Wayar da ke mayar da wuta zuwa injin walda a maƙala ta a jikin shasin dab da inda za a yi aiki, don kada wutar ta nemi hanya ta cikin boris ta ƙona shi. A ajiye bokitin yashi, a tsayar da yaro ɗaya wanda ba shi da wani aiki sai kallon inda tartsatsi ke faɗawa.

Sai daidaita motar, wanda shi ya fi cin lokaci. Yakan sa a sauke bodin baya ɗungurungum. A sami daɓe mai lebur, a ɗora shasin a kan matokarai a gaba da bayan tsagar, yadda nauyin inji da na aksul ba za su riƙa buɗe ta ba. Da jak da sarƙa zai lallaɓa ƙarfen a hankali har bakunan tsagar su koma su haɗu yadda suke tun asali. Sa'an nan awo. Zai zaɓi hujin kamfani guda biyu da ke fuskantar juna a gaba, da wasu biyu a baya, ya auna a gicciye, daga gaban hagu zuwa bayan dama, daga gaban dama zuwa bayan hagu. In awon biyu ya bambanta da fiye da 'yan milimita, shasin ya karkace, sai an ja shi. Don ya san ko gefe ɗaya ya fi ɗaya tsawo daga ƙasa, wasu kan ari dabarar magina ta siririn tiyo mai ruwa a ciki. Duk karkatar da aka yi walda a kanta ta zauna ke nan, motar za ta riƙa tafiya a gicciye tana cin taya har ranar da za a sayar da ita ga masu gwangwan.

Yanzu ne zai ɗauki injin gurza ƙarfe ya bi tsagar ya mayar da ita kwari mai siffar V, har kusan ya ɓulla ɗaya gefen. Dalili shi ne waldar da aka shimfiɗa a saman tsaga rufe ta kawai take yi, tsagar tana nan a ƙasa da tsininta. Dole narkakken ƙarfe ya sauka har gindi ya cinye ta. In shasin mai siffar C ne, zai yi walda ta waje, ya koma ta ciki ya gurza har ya taɓa sabon ƙarfe mai tsabta, ya sake yi ta can. In rufaffen akwati ne irin na Hilux, hannu ba ya shiga ciki, sai ko dai ya tabbatar wutarsa ta ratsa kaurin duka daga gefe ɗaya, ko ya yanka 'yar taga a bangon, ya zura ƙarfen tokari ta ciki, ya mayar da tagar. Fenti da tsatsa da mai da ragowar kananzir duk sai an kawar da su, faɗin yatsu biyu ko uku a kowane gefe.

Sandar walda ma ba kowace ba. A kasuwa da geji ake sayenta, geji 12 mai kaurin milimita 2.5, geji 10 mai 3.2, kuma ga siririn ƙarfe irin na shasi ta farko ta fi dacewa da zubin farko. Lambobin da ke jikinta suna da ma'ana. E6013 ita ce ta kowa da kowa, tana kama wuta da sauƙi, tana kwanciya sumul, amma ba ta nutsawa sosai. E7018 ta fi ta ƙarfi da juriyar girgiza. Lambobi biyun farko na nuna ƙarfin jan da waldar ke ɗauka, fam dubu 60 ko dubu 70 a kan kowane murabba'in inci. Sai dai 7018 tana da sharaɗi: ba ta son laima ko kaɗan. In ta sha danshin damina, iskar haidirojin kan shiga cikin waldar, ta tsaga ta daga ciki bayan an gama aiki. A masana'antu a cikin tanda mai zafin kimanin digiri 120 ake ajiye ta. Gwanin da ba shi da tanda yakan sayi sabon ƙunshi a rufe ranar da zai yi aikin. Kuma ƙananan injinan walda da ake naɗawa a gida ba kowanne ke iya riƙe wutarta ba, balle in lantarki ya zo da rauni. Saboda haka za ka ga ya tayar da janareta ko da akwai wuta, ya ɗauki guntun ƙarfe mai kauri ɗaya da shasin ya yi gwaji a kai, yana saurare yana ƙara wuta yana ragewa har ƙarar ta zauna masa. Waldar gas ta kabaid, wadda masu gyaran bodi ke ji da ita, ba ya kusantar shasi da ita, saboda tana gasa wuri mai faɗi.

Zafi shi ne abokin aiki, shi ne kuma abin tsoro. Ƙarfe yana narkewa a wajen digiri 1,500, kuma sanda mai tsawon mita ɗaya in ta ƙara zafin digiri 100 tana ƙara tsawon fiye da milimita ɗaya. In ta huce sai ta tsuke, ta ja duk abin da ke maƙwabtaka da ita. Wanda ya zuba walda mai tsawo a zama ɗaya zai tashi ya tarar da awon da ya sha wuya a kansa ya gudu. Gwani yakan fara da ɗige-ɗige don riƙe bakunan, ya sake awo, sa'an nan ya riƙa yin gajerun zubi, kamar tsawon ɗan yatsa, yana tsallakawa daga nan zuwa can, yana barin wuri ya sha iska. Bayan kowane zubi zai fasa ɓawon da ya kwanta a kai, ya goge da burushin waya, don ɓawon da aka binne a cikin walda rami ne a ɓoye. Tsagar da ke tsaye a bango daga ƙasa zuwa sama yake bin ta. Saukowa daga sama ya fi sauri, ya fi kyan gani, amma ba ya nutso. Hawan kuwa sai mai hannu, domin narkakken ƙarfe ƙasa yake son zubowa, kuma dole kowane ɗigo ya daskare ya zama matakalar na bayansa. Leɓen ƙasa kuma a kwance rigingine ake yin sa, tartsatsi na zuba a ƙirji. Duk wanda ya ga hannun da bai yi rawa ba a wannan hali ya ga gwaninta.

Akwai abin da ke damuna a nan, ba zan wuce ban faɗa ba. Yaran da ke koyon wannan sana'a da yawa da baƙin tabarau na kasuwa suke kallon wuta, wasu ma runtse ido kawai suke yi. Hasken walda yana ƙona ido, kuma garkuwar fuska mai gilashin da aka yi don aikin ba ta kai kuɗin taya ɗaya ba. Maigidan da ya san darajar hannunsa ya kamata ya san darajar idon yaronsa.

In an gama, ba a zuba ruwa. Direba na sauri, yaro ya ɗauko buta, sai maigida ya daka masa tsawa, kuma da gaskiyarsa: ƙarfen da aka sanyaya farat ɗaya yana yin tauri mai gautsi a gefen waldar. Ko iskar hunturu ma yakan kare wurin daga gare ta. In ya huce don kansa, sai ya duba gefen ɗinkin ko wuta ta ci ƙarfe ta bar ɗan kwari, don irin wannan kwarin sabon bakin tsaga ne. Ya gurza waldar ta yi daidai da jikin shasin, kuma ko a gurzar akwai ƙa'ida: zanen da dutsen ke bari ya bi tsawon ƙarfen, kada ya gitta shi.

Sai maganar faci, inda aka fi samun saɓani tsakanin gwani da mai mota. Mai mota yana son ya ga an kawo ƙarfe mai kauri, an yanka shi murabba'i, an manna, an zagaye shi da walda ta ko'ina. A ganinsa kauri shi ne ƙarfi. Gwani kuwa zai ce masa, Alhaji, a yi haƙuri, wannan facin shi zai karya motar. Dalilinsa shi ne shasi an yi shi ne don ya riƙa ɗan lanƙwasa yana murɗawa yana komawa. In taya ɗaya ta hau tudu ɗaya ta faɗa rami, duk tsawon ƙarfen ne ke raba murɗawar a tsakaninsa. In ka ɗaure wani yanki ya sandare, lanƙwasar da ya kamata ya yi ba ɓacewa take yi ba, tana komawa ne ta taru a daidai inda facin ya ƙare. In kuma bakin facin a miƙe yake daga sama zuwa ƙasa, an bi shi da walda, to an haɗa abu uku a layi ɗaya: inda tauri ya yanke farat ɗaya, inda zafi ya raunana ƙarfe, da gefen walda mai kama da tsaga. An zana wa sabuwar tsaga hanyar da za ta bi.

Saboda haka facin gwani kaurinsa ɗaya ne da na shasin, ko ya ɗara kaɗan. Yana da tsawo, ya zarce tsagar ta kowane gefe da kamar ninki biyu na faɗin bangon. Yana da faɗi a tsakiya, yana tsukewa a hankali zuwa ƙarshensa biyu, kuma ƙarshen ba tsini ba ne, an zagaye shi. Ta haka taurin ke ƙaruwa sannu a hankali ya kuma ragu sannu a hankali, waldar kuma tana tafiya a karkace maimakon ta gitta ƙarfen. Yakan huda facin wuri uku ko huɗu ya cike hujin da walda, don tsakiyarsa ma ta kama bangon. In leɓen da ake ja yana bukatar tallafi, sai ya lanƙwasa facin ya rungumi leɓen, amma waldarsa ta bi tsawo kawai. Kusurwa mai kaifi ba ya barin ta ko ɗaya. Wannan darasi ne da duniya ta saya da tsada. A Yaƙin Duniya na Biyu Amurka ta ƙera jiragen ruwan dakon kaya samfurin Liberty guda 2,710 da walda, da yawa suka tsage, wasu suka rabe biyu. Bincike ya nuna tsagar takan taso daga kusurwoyin ƙofofin rumbun kaya masu siffar murabba'i, kuma Constance Tipper ta Cambridge ta nuna cewa ƙarfen da aka yi amfani da shi yana yin gautsi a cikin sanyi. Cikin gyaran da aka yi har da zagaye waɗannan kusurwoyi.

Daga ina ƙarfen facin zai fito? Mafi kyau a yanko shi daga shasin wata matacciyar mota irinta, abin da ba ya wuya a Ƙofar Ruwa ko kasuwar Katako ta Yamai. Ganyen sifirin, duk da ƙarfinsa, bai dace ba, domin sinadarin kabon ya yi masa yawa, walda na taɓa shi yake yin gautsi. Rodin gini ma haka, ba wurinsa ba ne. Wani lokaci gwani kan zaɓi ya ɗaure facin da kusoshi maimakon walda, musamman a manyan motoci waɗanda aka gasa ƙarfen shasinsu a masana'anta, ko sababbin motoci masu siririn ƙarfe mai ƙarfi da zafi ke lalatawa. A nan yakan duba kan kusar ya ga lamba 8.8 ko 10.9, ya huda bango kawai, hujin kuma ya yi wa kusar cif. Tsofaffin motoci sun fi haƙuri da wuta, wannan na cikin dalilin da ya sa suke daɗewa a hannunmu. Kafin ya rufe facin yakan shafa fentin hana tsatsa a tsakani. Yana kuma kiyaye lambar shasi, kada dutse ya goge ta ko faci ya rufe ta, don kada ya gyara mota ya jefa mai ita cikin rigima da 'yan sanda ko kwastan.

Akwai shasin da ba ya karɓa. Kafin komai yakan bi ƙarfen da ƙaramar guduma daga gaba zuwa baya. Lafiyayyen ƙarfe amsawa yake yi da ƙara mai zaƙi, wanda tsatsa ta cinye kuwa ƙararsa a dushe take, wani wurin ma gudumar ce za ta faɗa ciki. Rufaffen shasi daga ciki yake ruɓewa, inda laka ta shiga ta toshe ramukan fitar ruwa. Takin zamani da gishiri da kanwa da fitsarin dabbobi suna tsiyayowa daga bodi su ƙara masa. Motocin da ake shigowa da su daga ƙasashe masu ƙanƙara, inda ake watsa gishiri a titi, wasu da ciwon suke isowa. A Amurka abin ya kai ga a 2016 Toyota ta amince da sulhun da ya kai dala biliyan 3.4 a kan tsatsar shasin motocinta Tacoma da Tundra da Sequoia. Ƙarfen da ya koma kamar takarda ba abin da walda za ta kama. A irin wannan hali, ko a motar da ta taɓa cin wuta, ko shasin da ya naɗe a haɗari, gwani zai ce a yanke yankin duka a dasa wani daga wata motar, yankan a karkace ba a miƙe ba, ko kuma a nemi wani shasin. Ya san mai motar yana iya fushi ya kai wa wani wanda zai karɓa. Ya kuma san motar mutane take ɗauka a saman buhuna ranar kasuwa.

In aikin ya karɓu an gama, sai ya koma kan abin da ya haddasa tsagar tun farko. A zare ganyen sifirin da aka ƙara, a canza shokozoba in ta mutu, a ɗaure kusoshin bodi, a buɗe ramukan fitar ruwa. Zai nuna wa direba inda zai riƙa jera buhuna masu nauyi, daga bayan gidan direba zuwa kan aksul, marasa nauyi su bi baya. Fentin da zai shafa a kan gyaran siriri ne, ba ya lafta kwalta, don in wani abu ya motsa a gan shi da wuri. Sa'an nan ya ce a dawo masa da motar bayan mako biyu tana aiki, ya sake shiga ƙarƙashinta da kananzir da alli, ya duba ƙarshen facin biyu da kuma ƙarfen ɗaya gefen.